Muhawara: gasar cikin gida ce ke ƙera ɗan kurket na ƙasa, amma wace iri?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Kullum ana cewa gasar cikin gida ita ce tushen ƙungiyar ƙasa a kurket, wasan da mai jifa ke jefa ƙwallo mai bugu ya doke shi da sanda don tara maki, ni ma na yarda. Amma ga abin da ke ɗaure mini kai. Ingila tana da gundumomi 18 masu ƙwararrun 'yan wasa, gasarsu tana gudana a hukumance tun 1890. Ostareliya jihohi shida kacal ke buga gasar Sheffield Shield. Duk da haka a kakar 2021 zuwa 2022 Ostareliya ta doke Ingila 4 da 0 a wasannin Ashes, jerin karawar da ake yi tsakanin ƙasashen biyu. Indiya kuma ƙungiyoyi 38 ke buga kofin Ranji, ita ma tana fitar da 'yan wasa. Ke nan ba yawa ba ne, ba kuma ƙaranci ba ne. To mene ne ainihin abin da gasa ke yi wa yaro har ya isa buga wasan Tes, wato wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar?

Koci Ɗanladi:
Wa alaikumus salam Malam. A fara da lissafin gurabe. A Ostareliya, duk zagayen gasa mutum 66 ne ke shiga fili, kuma guraben masu bugu na sama, daga na ɗaya zuwa na shida, 36 ne a ƙasar baki ɗaya. A Ingila mutum 198 ne. Idan gurabe suka yi kaɗan, babu raggon mai jifa da za ka huta a kansa. Mai bugu a Shield yana fuskantar mutum huɗu waɗanda ko sun taɓa buga wa ƙasa ko suna bakin ƙofa. Maki 40 a irin wannan wuri ya fi ɗari a inda mai jifa na uku da na huɗu ba su kai ba.

Dubi Mike Hussey. Ya tara maki 15,313 a wasannin matakin farko, wato dogayen wasanni irin na Shield da na gundumomi, kafin a kira shi Tes a 2005, yana ɗan shekara 30. Da ya shigo bai yi wani lalube ba, ya buga Tes 79 ya bar matsakaicin maki da ya haura 51. An dafa shi ya nuna tun kafin a sauke.

Usman Zariya:
Koci, da girmamawa, misalin Hussey yana da baki biyu. Kaso mai yawa na waɗannan maki a Ingila ya ci su, musamman a Northamptonshire, inda ya haura maki 300 a bugu ɗaya har sau uku. Wato gasar da ake kushewa ita ma ta ba da gudummawa wajen gina shi.

Koci Ɗanladi:
Haka ne, kuma wannan ma hujja ce. Shield wasa goma kowace jiha ke bugawa, sai wasan ƙarshe. Bai ishe mai bugu ya ga kowane irin yanayi ba. Ingila ta ba shi yawan wasa da ƙwallon da ke karkata a iska, Ostareliya ta ba shi tsanani da ƙwallon da ke tashi har ƙirji. Biyun ne suka haɗu.

Hajiya Rabi:
Ni a ganina kafin maganar yawan ƙungiyoyi a yi maganar tsawon wasa, don nan ne asalin darasin yake. A T20, gajeren wasan da kowace ƙungiya ke bugun oba 20, mai jifa ba ya wuce oba huɗu, wato jifa 24, tunda oba ɗaya jifa shida ce. A wasan oba 50 ba ya wuce goma. A wasan kwana huɗu ana jefa oba 90 zuwa sama a yini, kuma mai jifan gudu zai iya ɗaukar 18 zuwa 20 daga ciki, kashi uku ko huɗu. Abin da masu zaɓe ke nema ba saurinsa da safe ba ne. Suna so su ga bayan la'asar, ƙwallo ya yi oba 65, ɗinkinsa ya kwanta, ƙafafu sun yi nauyi, shin har yanzu yana jifa da saurin da ya fara? Kuma idan aka karɓi sabon ƙwallo bayan oba 80, akwai sauran ƙarfi a jikinsa?

Haka mai bugu. A T20 duk ƙwallon da ka bari ya wuce asara ce. A wasan kwana huɗu barin ƙwallon da ya kauce wa wiket, wato sanduna ukun da mai bugu ke karewa, rabin sana'a ne. Dole ka san inda sandar wiket ta waje take ba tare da ka waiga ba, ka saba da tsayuwar awa biyar, ka san yadda ake sake farawa bayan hutun rana, domin nan ne da yawa ke fita. Babu atisayen raga da ke koyar da wannan, saboda a raga in an fitar da kai sai ka gyara tsayuwa ka ci gaba. A wasa kuwa ka koma rumfa ke nan, wataƙila sai jibi za ka sake riƙe sanda.

Baba Audu:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ku yara kuna mantawa da ƙasar da ake wasan a kanta. Kwana huɗu a takarda ba kwana huɗu ba ne a fili idan fagen tsakiya bai da kyau. Fagen nan mita 20 da ɗan ɗoriya ne, amma shi ke yanke irin ɗan wasan da gasa za ta haifa.

Fage mai kyau ana fara shirinsa kwana goma zuwa sha huɗu kafin wasa. A jiƙa shi ruwa ya ratsa ƙasa sosai, ba saman kawai ba. A bari ya sha iska, sannan a fara bi da abin daddaɓe ƙasa mara nauyi, a koma mai nauyi, kaɗan-kaɗan kullum yayin da yake bushewa. Ciyawa ana rage ta a hankali. In ka daddaɓe shi da laima da yawa, sama zai rufe ƙasa na jiƙe, ƙwallo ya riƙa tafiya a mace. In ka bari ya bushe kafin ka daddaɓe, ba zai haɗe ba, rana ta biyu ya fara marmashewa. In an yi daidai, rana ta farko mai jifan gudu ya samu taimako, ta biyu da ta uku mai bugu ya mori fage, ta huɗu ya tsattsage mai murɗa ƙwallo ya shigo. Kowa ya samu jarrabawarsa.

Matsalar Ingila ta daɗe a nan take. Ana tura mafi yawan wasannin kwana huɗu zuwa Afrilu da Mayu da Satumba, a bar tsakiyar bazara wa gajerun wasanni, tun 2021 ma watan Agusta na gasar The Hundred ne, mai ƙwallo ɗari ga kowace ƙungiya. A Afrilu akwai sanyi da laima, ciyawa kore, ga ƙwallon Dukes mai tudun ɗinki. Mutumin da ke jifa a hankali, in dai yana sauke ƙwallo wuri ɗaya, zai kwashi wiket, wato ya yi ta fitar da masu bugu. Darren Stevens na Kent ya yi ta yin haka har ya haura shekara 45, kuma gwani ne a aikinsa. Amma kai irin wannan jifa Perth ko Brisbane a Ostareliya da ƙwallon Kookaburra da ake wasa da shi a can, babu abin da zai yi. Kyaftin ɗin gunduma kuwa nasara yake nema, don me zai ba yaro mai murɗa ƙwallo oba 30 alhali wasan zai ƙare rana ta uku ba tare da shi ba?

Injiniya Mustapha:
Baba, Allah ya ƙara girma. Hukumar Ingila ma ta san da wannan, shi ya sa ta yi ta gwaje-gwaje. Daga 2016 zuwa 2019 an ba ƙungiyar baƙi damar ta zaɓi fara jifa ba tare da an jefa kwabo ba. Manufar ita ce mai masauki ya daina barin ciyawa, tunda shi za a fara jefa wa. Ya ɗan yi aiki: a Taunton, Somerset ta koma yin fage mai juya ƙwallo, Jack Leach ya kama wiket 65 a gasar 2016, daga baya shi da Dom Bess duk suka buga wa Ingila. Sannan a 2023 aka shigo da Kookaburra a zagaye biyu, a 2024 aka mai da shi huɗu. Ostareliya ta yi kishiyar haka, daga kakar 2016 zuwa 2017 ta riƙa amfani da Dukes a rabin ƙarshe na Shield don shirin zuwa Ingila. Wato hukumomi suna ɗaukar gasar cikin gida kamar ɗakin gwaji, ana canza ƙwallo da doka don a canza irin ɗan wasan da zai fito.

Malam Habibu:
To Indiya fa? Ƙungiya 38, mutum 418 a zagaye ɗaya. Bisa lissafin Koci ai ya kamata a ce ruwa ya yi wa miyar yawa.

Alhaji Bashir:
Da Ranji ne kaɗai, da haka ne. Abin da ke ceton Indiya tsani ne mai matakai. Yaro yana farawa da kofin Vijay Merchant na 'yan ƙasa da 16, ya hau Cooch Behar na 'yan ƙasa da 19, ya hau C. K. Nayudu na 'yan ƙasa da 23, duk wasannin kwanaki ne da jan ƙwallo. Sai Ranji, wanda aka fara a 1934. A samansa akwai kofin Duleep, inda ake tace mutum 418 ɗin nan su koma ƙungiyoyi kaɗan, da kofin Irani, inda zakaran Ranji ke karawa da zaɓaɓɓun sauran ƙasar. Sannan ƙungiyar Indiya A, wato ta biyu ta ƙasa, wadda ke fita waje. Tsananin da Ostareliya ke samu daga jihohi shida, Indiya tana samunsa a waɗannan matakai na sama.

Matakin A ɗin nan shi ne gada, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina. Daga 2015 zuwa 2019 Rahul Dravid ne ke horar da Indiya A da 'yan ƙasa da 19, kuma a lokacin ƙungiyar ta riƙa zuwa Ingila da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Ostareliya. Bi sawun Mohammed Siraj: wiket 41 a Ranji wa Hyderabad a kakar 2016 zuwa 2017, sai Indiya A, inda ya kama 8 a kan maki 59 da Ostareliya A a Bengaluru a 2018, sai Tes a Melbourne a Disamba 2020. Ko Mayank Agarwal: maki 1,160 a Ranji a kakar 2017 zuwa 2018, aka tura shi Indiya A, ya fara Tes a Melbourne a Disamba 2018 ya ci 76.

Amfanin wannan ya fito fili a Brisbane a Janairu 2021. A Tes ɗin da Indiya ta kara da Ostareliya, manyan masu jifan Indiya duk sun ji rauni. Mutum biyar da suka rage, Siraj da Navdeep Saini da Shardul Thakur da Natarajan da Washington Sundar, Tes huɗu ne gaba ɗaya a tsakaninsu kafin wasan. Siraj ya kama biyar a zagayen bugu na biyu na Ostareliya, Thakur da Sundar suka haɗa maki 123 tare, Indiya ta cimma 328 ta ci wasa a filin da ba a doke Ostareliya ba tun 1988. Ƙarfin gasar cikin gida ba a ɗan wasa na ɗaya ake ganinsa ba, a na ashirin da biyar ake gani.

Usman Zariya:
Alhaji, a ƙara da cewa Sundar rabonsa da wasan matakin farko tun 2017 kafin wannan Tes ɗin, shi da Natarajan don gajerun wasanni aka tafi da su, aka riƙe su suna jifa a raga. IPL, babbar gasar T20 ta kulob-kulob a Indiya, ce ta fito da su idon duniya. Kada mu ba Ranji ladan da ba nasa ba ne duka.

Alhaji Bashir:
Na karɓa. IPL tana koyar da abu biyu da Ranji ba ya koyarwa: wasa gaban dubban mutane, da fuskantar manyan 'yan wasan waje kana ɗan shekara 19. Amma a lura da inda IPL ke samo yaranta. John Wright ya ga Jasprit Bumrah ne a 2013 yana jefa wa Gujarat a kofin Syed Mushtaq Ali, gasar T20 ta jihohi. Kuma kafin ya fara Tes a Cape Town a 2018 ya yi Ranji, har ya kama 6 a kan 29 da Jharkhand a wasan kusa da na ƙarshe a kakar da Gujarat ta ɗauki kofi. IPL kasuwa ce, gonar tana jihohi.

Hajiya Rabi:
Ranji ma yana da nasa ciwon, kuma yana cikin tsarin maki. Kowace ƙungiya zagaye biyu take bugu a wasa. Nasara maki shida ce a teburin gasa, da ƙarin ɗaya in ka ci da zagaye guda ko da wiket goma. In an tashi canjaras, wanda ya fi maki a zagayen farko ya ɗauki uku, ɗayan ya ɗauki ɗaya. A matakin sili-ɗaya-ƙwale kuwa wanda ya fi a zagayen farko shi ke wucewa. Sai kyaftin ya ga ba shi da dalilin yin kasada: a yi ta bugu kwana biyu, a wuce abokin hamayya, a kashe wasa. A kakar 2024 zuwa 2025 Kerala ta kai wasan ƙarshe da ratar maki ɗaya a kan Jammu da Kashmir, da ratar biyu a kan Gujarat, duk a zagayen farko, Vidarbha kuma ta ɗauki kofin ta wannan hanya. Wasannin sun yi daɗin kallo, ban musa ba. Amma mai jifa bai koyi yadda ake fitar da mutum 20 ba, mai bugu bai koyi bin maki a rana ta ƙarshe ba, kuma Tes da waɗannan ake cinsa. Shield ta fi dabara a nan: shida ga nasara, ɗaya ga canjaras, ƙarin maki kuma a oba 100 na farko kawai ake samunsu. In ka yi jinkiri ka yi wa kanka.

Dakta Zainab:
Bari in shigo da ɓangaren jiki, don gasa tana ginawa tana kuma karyawa. Ƙashin bayan mai jifan gudu bai gama ƙwari ba sai ya shiga shekaru ashirin da wani abu. Duk jifa ɗaya ƙafar gaba tana ɗaukar nauyin jiki ninki da yawa, baya kuma yana lanƙwasa yana murɗawa lokaci guda. Abin da ke kawo tsagewar ƙashi ba yawan jifa kaɗai ba ne, hauhawar kwatsam ce: wanda ya saba da oba 15 a mako a ba shi 50. Pat Cummins ya jefa oba 65 a wasan ƙarshe na Shield a Maris 2011 yana ɗan shekara 17, bayansa ya samu matsala. Ya fara Tes a Johannesburg a Nuwamban shekarar, bai sake buga wani ba sai Maris 2017.

Ƙa'idar da hukumar Ingila ta daɗe tana amfani da ita a baya ga yara tana da sauƙin bi: ɗan 13 zuwa ƙasa oba biyar a jere, goma a yini, ɗan 14 da 15 shida a jere, 12 a yini, daga 16 zuwa 19 bakwai a jere, 18 a yini. Jadawali ma magani ne. A 2024 Shardul Thakur ya koka cewa hutun kwana uku tsakanin wasannin Ranji ya yi kaɗan, kakar da ta biyo baya aka raba gasar gida biyu aka sa gajerun wasanni a tsakiya.

Injiniya Mustapha:
Akwai kuma kuɗi. Ɗan Ranji da ya haura wasa 40 yana karɓar rufi 60,000, kuɗin Indiya, a yini bisa tsarin 2021. A gwanjon IPL na Nuwamba 2024 Lucknow ta sayi Rishabh Pant rufi miliyan 270. Yaro ba zai rasa gane inda riba take ba. Shi ya sa a Fabrairu 2024 hukumar Indiya ta cire Shreyas Iyer da Ishan Kishan daga kwantiragin ƙasa kan batun ƙin buga Ranji, kuma bayan Niyu Zilan ta doke Indiya 3 da 0 a gida, Ostareliya ta ƙara musu 3 da 1, aka ga Rohit Sharma da Virat Kohli sun koma wa Mumbai da Delhi a Janairu 2025. Kohli rabonsa da Ranji tun 2012. Komawar manya tana da amfani ko da wasa ɗaya ne, domin yaron da ya jefa wa Kohli ya san matsayin jifarsa a ranar.

Usman Zariya:
Tambayata ga Koci: in gasa ce ma'auni, me za a ce da Mark Ramprakash? Ya ci maki ɗari a bugu ɗaya sau 114 a matakin farko, amma a Tes 52 sau biyu kacal, matsakaici 27. Graeme Hick sau 136. A ɗaya gefen, Ingila ta ɗauki Shoaib Bashir zuwa Indiya a 2024 bayan wasa shida da wiket goma.

Koci Ɗanladi:
Alƙaluma suna buɗe ƙofa ne, ba su ke yanke hukunci ba. Mai zaɓe na ƙwarai yana tambaya: a kan wane fage aka ci makin, wa ke jifa, ƙungiya tana cikin wane hali lokacin da ya shigo? Bashir tsayinsa aka duba, ƙwallo yana fitowa daga sama, an ƙiyasta zai yi tsalle a fagen Indiya. Ramprakash da Hick kuwa a shekarun 1990 suka yi yawancin wasanninsu, lokacin da ake ɗaukar mutum a ajiye shi bayan wasa biyu, kafin Ingila ta kawo kwantiragin ƙasa a 2000. Amma ni ina tsoron zaɓen da ke tsallake gasa ya zama al'ada. In ɗan wasa ya ga maki dubu ba ya kai shi ko'ina, gasar ta mutu a zuciyarsa. Sarfaraz Khan na Indiya ya ci maki 928 a Ranji a kaka ɗaya, 982 a ta gaba, sai Fabrairu 2024 aka ba shi dama a Rajkot. Jinkirin nan ya kai maƙura.

Malam Habibu:
To mu a Najeriya ina muka tsaya? Yaranmu maza 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, matanmu sun ci tagulla a wasannin Afirka a Accra a 2024, 'yan mata kuma sun doke Niyu Zilan da maki biyu a Maleshiya a Janairu 2025.

Alhaji Bashir:
Waɗannan nasarori daga makarantu da gasar 'yan ƙasa da 17 suka fito, kuma abin yabo ne. Inda ake zubar da yara shi ne tsakanin shekara 19 da 24, lokacin da makaranta ta ƙare babu gasar da za ta riƙe su. Kenya ta isa ishara. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2003 da su Steve Tikolo da Thomas Odoyo da Collins Obuya, amma wasan ya tsaya a kulob-kulob na Nairobi da Mombasa, babu tsanin da zai kawo magada. A 2014 ta rasa matsayinta na buga manyan wasannin yini ɗaya.

Hajiya Rabi:
Tunda wasanninmu na ƙasa da ƙasa kusan duk T20 ne, wasu za su ce dogon wasa ba namu ba ne. Ban yarda ba. Mai bugu na shida a T20 zai iya gama kaka bai fuskanci ƙwallo ɗari ba. Ba sai an yi kwana huɗu ba. Ƙungiyoyin shiyya huɗu zuwa shida, wasan yini biyu, Asabar da Lahadi, oba 80 a yini, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, a saman gasar oba 50 da T20. Kulob-kulob na Ostareliya da ke ciyar da Shield ma wasan yini biyu suke yi.

Baba Audu:
In za a yi haka a yi shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babu ruwan sama a Kaduna da Abuja, zafi kuma bai taso ba. Amma a sani hunturu yana busar da fage da sauri, sai an riƙa rufe shi da rana ana yayyafa ruwa da yamma a kwanakin shiri, in ba haka ba ya tsage tun kafin a fara. Kuma a yi shi a fagen ciyawa irin na Tafawa Balewa a Legas da na Abuja, ba kan siminti da shimfiɗa ba. A siminti ƙwallo yana tashi iri ɗaya daga safe har yamma, yaro ya saba bugu ba tare da motsa ƙafa ba, ranar da ya hau ciyawa a waje sai ya rasa inda zai sa kansa. Fili ɗaya yana bukatar fage huɗu zuwa shida a jere, domin wanda aka yi wasan yini biyu a kansa sai ya huta mako uku zuwa huɗu, a share, a cike ramukan ƙafar masu jifa da irin yumɓun da aka gina shi da shi, a ba shi ruwa ciyawa ta dawo.